Maigida da Baƙonsa: Yadda Fatake Su Ke Samun Masauki Tun Ba Su Isa Ba

Duk wanda ya ƙudura ƙaura zuwa gari mai nisa, abin da ke fara damunsa shi ne inda zai sauka. Fataken Hausa na ƙarni na 19, masu bin hanyar Gwanja don sayen goro, sun san wannan damuwa, sun kuma samo maganinta tun babu jirgin ƙasa, babu gidan waya. Falke ba ya tambayar ɗaki, mutum ya ke tambaya, gama in an sami mutumin, ɗaki ya samu. Nufin wannan takarda shi ne a bayyana wannan tsari, da abin da kalmominsa ke nunawa game da wanda hasara ke hawa kansa in abu ya ɓaci.

Daga Kano zuwa Salaga, babbar kasuwar ƙasar Gwanja wadda yanzu ta ke cikin Gana, tafiyar watanni ce. Ayari ya kan ƙetare Kwara, ya ratsa Bargu da ƙasar Dagomba, ɗauke da kanwa da tufafi da kayan fata. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne su ka fi shahara da wannan fatauci. Falke ya kan isa da jarinsa duka a bayan jakuna, a garin da bai san harshen masu sarautarsa ba, inda har ruwan sha sayarwa a ke yi da rani. In ya sauka a hannun macuci, wahalar shekara guda ta tafi a banza.

Kalmomin sana'ar sun isa abin lura. Zango asalinsa wurin da ayari ke yada kaya ya kwana, daga baya ya zama sunan unguwar baƙi. Shi ne a ke kira zongo a Gana har wa yau. Masauki daga sauka ya fito. Mai saukar da fatake kuwa maigida ne, ko fatoma, kalmar da aka aro daga Barebari, inda fato ke nufin gida. Dillali da la'ada daga Larabci su ke, asalin la'ada kuwa shi ne al'ada, watau abin da aka saba bayarwa. A cikin jerin nan duka babu kalmar da ke nufin kuɗin kwana.

Ta hanya uku falke ke sanin maigidansa tun yana gida. Ta fari ita ce gado: inda uba ya saba sauka, nan ɗa zai sauka, sabo da maza kuwa jari ne. Ta biyu ita ce madugu, shugaban ayari, wanda ya san masu gidaje a kasuwannin da ke kan hanya, shi ke haɗa sabon shiga da su. Ta uku ita ce wasiƙa. Sa'ad da Clapperton, Baturen Ingila, ya shiga Kano a 1824, gidan Alhaji Hat Salah ya nufa da takardar da Shehun Barno ya ba shi. Bai yi wani abu ba sai bin al'adar da ya tarar. Wasiƙa ta yi muhimmanci har Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano wanda ya zauna a Salaga ya kuma rasu a Kete-Karachi a 1934, ya wallafa littafi da Larabci tun yana saurayi a kan ƙa'idodin rubuta ta.

To, mene ne ribar maigida, tun da ba ya karɓar kuɗin ɗaki? Shi ke ba baƙo makwanci da abinci, ya ajiye masa kaya, ya yi masa tafinta, ya sa dillalansa su nemo masu saye, sa'an nan ya ci rabonsa daga la'adar ciniki. Mafi nauyi duka shi ne lamuni. In an sayar da kayan baƙo bashi, maigida ne ya tsaya wa mai saye. Saboda haka arzikinsa ya rataya ga sunansa, gama labarin maigidan da ya ci amana ya kan bi ayari ya koma Kano da Sakkwato, baɗi kuwa ɗakunansa su kwana babu kowa.

Sa'ad da Ingilishi su ka ci Kumasi a 1874, ikon Asante a kan Gwanja ya karye, goro ya daina zuwa Salaga kamar dā. Yaƙin basasa na 1892 ya ƙarasa watsa kasuwar. Mazauna zango su ka bazu zuwa Kintampo da Kete-Karachi da Yendi, daga baya har Kumasi da Ankara. Gidajen Salaga sun zama kangaye, amma tsarin bai mutu ba, domin a kan sanayya aka gina shi, sanayya kuwa tana iya ƙaura.

Haka kuma ya jure zuwan jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911. An kafa unguwar Sabo a Ibadan a 1916, ta zama matattarar cinikin shanu da goro. Abner Cohen, wanda ya yi bincike a can a 1962 da 1963 ya kuma buga littafinsa a 1969, ya tarar masu gidaje na Sabo suna saukar da fataken shanu, suna tsaya wa mahautan Yarabawa da ke ɗaukar shanu bashi. In mahauci ya gaza biya, maigida ke neman kuɗin baƙonsa. A harkar goro ma, attajiri na Arewa ya kan aika da kuɗi da saƙo, a saya masa, a ɗaure, a ɗora a jirgi, shi kuwa bai taka Ibadan ba.

Abin da ya sauya al'amarin shi ne zuwan wani irin baƙo dabam, watau ma'aikacin da aka yi wa canji, da ɗalibi, da lebura, waɗanda ba su da kayan da za a ci la'ada a kai. Da su kalmar haya, wadda aka aro daga Turanci, ta sami gindin zama. A tsarin haya, baƙo ke fara biya, sau da yawa kuɗin shekara guda, wani lokaci ta hannun dillalin da bai taɓa gani ba, a kan ɗakin da bai taɓa shiga ba. Dā maigida ke ɗaukar kasada domin baƙo. Yanzu kasadar ta koma wuyan baƙon. Wannan ne ya sa har yau mai ƙaura ya kan fara neman ɗan garinsu a can, ya je ya gane masa da ido kafin ya saki kuɗi, watau yana neman wanda zai tsaya a matsayin fatoma.

Akwai aiki a nan ga malaman kwalejojin horon malamai. Wasiƙun ajami da na Larabci da ke ajiye a gidajen tsofaffin attajirai, da abin da jikokin madugai ke tunawa, su ne shaidar wannan tarihi. Ya kamata a sa ɗalibai su tambayo su lokacin hutu, su rubuta sunan kowane zango da gidan da kakanninsu ke sauka a cikinsa, tun gara ba ta cinye takardun ba.