Fim ɗin Gandhi da abin da Nehru ya roƙa

A 1962 wani ma'aikacin ofishin jakadancin Indiya a Landan, Motilal Kothari, ya tunkari Richard Attenborough, ɗan wasan Ingila wanda a lokacin bai taɓa ba da umarnin fim ko ɗaya ba, ya ce yana so ya yi fim a kan rayuwar Mahatma Gandhi. Attenborough ya karanta tarihin Gandhi da Louis Fischer ya rubuta, abin ya shiga ransa. A 1963, ta hanyar Lord Mountbatten, ya samu ganin Firayim Minista Jawaharlal Nehru. Nehru ya sa wa aikin albarka, sai dai ya ja masa kunne a kan abu ɗaya: kada ya mayar da Gandhi abin bauta, ya nuna shi mutum mai rauni irin na kowa.

Daga nan sai da aka kwashe kusan shekara 20 ana fafutukar neman kuɗi. Manyan kamfanonin Amurka ba su ga riba a labarin wani tsoho siriri mai ɗaura gyauto ba. Nehru ya rasu a 1964, Kothari ma ya rasu bai ga fim ɗin ba. A ƙarshe kamfanin Goldcrest na Ingila da hukumar fina-finai ta gwamnatin Indiya, a zamanin Indira Gandhi, suka sa hannu aka haɗa kimanin dala miliyan 22. An fara haska shi a New Delhi ranar 30 ga Nuwamba 1982. Shekarar da ta biyo baya ya lashe kyautar Oscar 8, har da ta fim mafi kyau da ta darakta da ta babban jarumi. Bhanu Athaiya, wadda ta tsara tufafin fim ɗin, ita ce ta farko daga Indiya da ta taɓa karɓar wannan kyauta.

Wanda ya saba da fina-finan Indiya na soyayya da rawa da waƙa, waɗanda aka yi ta kallo a silimun Kano da Zariya, zai ga wannan daban yake. Da Turanci aka yi shi, ya haura awa 3, kuma da mutuwa ya fara: Nathuram Godse ya harbe Gandhi ranar 30 ga Janairu 1948. Wurin jana'izar shi kansa abin tarihi ne. An ɗauke shi a Delhi ranar 31 ga Janairu 1981, shekara 33 cif da ainihin jana'izar, da mutum sama da 300,000. Babu kwamfutar da ta ƙara kai ko ɗaya a wannan taro. Mai kallon fim ɗin a faifai zai iya tsayar da hoton ya ƙare wa fuskokin kallo, ya ga dattawan da shekarunsu suka kai a ce da idonsu suka ga Gandhi.

Ben Kingsley, wanda sunansa na yanka Krishna Bhanji, asalin mahaifinsa daga Gujarat yake, jihar Gandhi. Ya rage ƙiba, ya koyi kaɗi, ya ɗauki Gandhi tun yana matashin lauya da aka jefo daga jirgin ƙasa a Pietermaritzburg ta Afirka ta Kudu a 1893 har tsufansa. A ganina babu inda fim ɗin ya kai ƙarfin wurare biyu. Na farko Amritsar, 13 ga Afrilu 1919, inda Janar Dyer ya sa sojoji suka buɗe wa taron da ba shi da makami wuta a filin Jallianwala Bagh. Turawa suka ce mutum 379 suka mutu, Indiyawa suka ce adadin ya wuce haka nesa. Na biyu tattakin gishiri na 1930, lokacin da Gandhi ya taka kusan kilomita 385 daga Sabarmati zuwa bakin teku a Dandi don ya karya dokar da ta hana talaka haƙo gishirinsa. Duk wanda ya ga yadda ake fasa wa masu zanga-zangar gishiri kai a Dharasana, sahu bayan sahu, babu mai ɗaga hannu ya rama, zai gane abin da ya ja hankalin Malam Aminu Kano ga salon gwagwarmayar Gandhi.

To, an cika wa Nehru roƙonsa? Ni dai ban ga an cika ba. Fim ɗin da gwamnati ta zuba wa kuɗi da wuya ya taɓa mutuncin gwanayenta. B. R. Ambedkar, jagoran waɗanda tsarin ƙabilancin Hindu ya mayar ƙasƙantattu, wanda ya yi doguwar jayayya da Gandhi a 1932 kuma daga baya ya jagoranci rubuta tsarin mulkin Indiya, babu shi a labarin. Haka Subhas Chandra Bose, wanda ya zaɓi ɗaukar makami. Muhammad Ali Jinnah kuwa, an nuna shi mutum mai ɗaure fuska da girman kai, kamar taurin kansa kaɗai ya raba ƙasar a 1947, alhali fargabar Musulmi ta zama 'yan tsiraru a ƙarƙashin rinjayen Hindu tana da tarihi mai tsawo. Wannan ya yi wa Pakistan ciwo, har a 1998 aka fito da fim ɗin Jinnah, Christopher Lee ya fito a matsayinsa.

Mu 'yan Afirka ma akwai abin da aka ɓoye mana. Gandhi ya yi shekara 21 a Afirka ta Kudu, amma a fim ɗin baƙar fata ba su wuce masu gilmawa a bayan fage ba. A rubuce-rubucensa na farko ya yi amfani da kalaman wulaƙanci a kan baƙaƙe, kuma haƙƙin Indiyawa ya sa a gaba. Ra'ayinsa ya sauya daga baya, har Nelson Mandela da Martin Luther King suka riƙa ambatonsa a matsayin abin koyi. Nuna wannan sauyi da ya ƙara wa fim ɗin daraja, don shi ne irin raunin da Nehru ya nemi a nuna. Malaman Jami'ar Ghana da ke Legon sun karanta waɗancan rubuce-rubuce, suka yi ƙorafi a kan mutum-mutumin Gandhi da shugaban Indiya ya ƙaddamar a harabarsu a 2016, kuma a Disambar 2018 aka cire shi.