Ƙawance Da Buri A Littattafanmu: Waiwaye Daga Moduganari

A ɗakin yayata a unguwar Moduganari ta Maiduguri akwai wani tsohon akwatin ƙarfe, a ƙarƙashin zannuwan ciki take ɓoye littattafai. Kusan duka na soyayya ne, na haya, masu ƙanshin manja da hannun mutane goma. Ɗaya ne kawai nata na kanta, kuma da Turanci yake: The Stillborn na Zaynab Alkali. Bangonsa ya daɗe da yagewa, an naɗe shi da takardar kalanda. Ita da aminiyarta suke karanta shi a kan tabarma a gindin darbejiya bayan la'asar, ɗaya na karantawa tana juya wa ɗaya da Hausa. In sun kai wani wuri sai in ji yayata ta ce, "Ƙawata, wallahi wannan ke ce." Ita kuwa ta ce, "Allah ya tsare ni, sai dai ke."

A lokacin dariya nake musu. Sai da na girma na bi littattafanmu tun daga tushe, na gane abin da ya sa wannan littafi ya zauna musu daban.

A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya gasar rubuta labarai, aka samu littattafan farko: Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar, Idon Matambayi, sai Jiki Magayi da John Tafida ya rubuta tare da East ɗin. A cikinsu Jiki Magayi ne ya fara sa talaka da mai kuɗi a turmi ɗaya. Abubakar na son Zainab, attajiri Malam Shehu ya zo da dukiya ya ƙwace ta. Abubakar bai je ya nemi kuɗi don ya kamo shi ba, asiri ya tafi nema, kuma a kan ɗan da Zainab ta haifa wa Malam Shehu, Kyauta, asirin ya sauka. Yaro ya tashi ɓarawo, har ajalin ubansa ya zo a hannunsa. Ka ga tun ran farko marubucinmu ya san rikicin dukiya gado ake yi. Amma a duniyar wannan littafi ba tsanin da talaka zai taka ya hau, sai dai ya rama.

An daɗe kafin a koma kan maganar da gaske. Sai wajen 1980, da kuɗin fetur suka haifi sababbin alhazai, gasar kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina. A 1982 Sulaiman ya dawo da Turmin Danya, ya nuna mana Alhaji Gabatari, mai kuɗin fasa-ƙwauri da ke juya gari da aljihunsa. Tsani ya samu ke nan, sai dai na ɓarayi ne.

A 1984 kamfanin Longman ya buga The Stillborn. Marubuciyar 'yar kudancin Borno ce, haifaffiyar Tura-Wazila a 1950, ta yi karatu a Jami'ar Bayero, ta kuma shafe shekaru tana koyarwa a Jami'ar Maiduguri. Littafin ya ci kyautar Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya a 1985. Sunansa na nufin ɗan da aka haifa babu rai, kuma burace-buracen mutane ake nufi.

Mata uku ne a tsakiyarsa: Li, da yayarta Awa, da ƙawarta Faku. Li na son zama babbar malamar makaranta, ta auri Habu Adams da ke mafarkin likitanci, su tare a gida irin na Turawa a birni. Awa ta auri Dan Fiama, hedimasta, tana jiran ranar da makarantar ƙauye za ta girma ya zama shugabanta. Faku ta bi Garba zuwa birni. To, Habu bai zama likita ba, ɗan tallar kayan kamfani ya zama, ya kuma bar Li shekaru tana jira a ƙauye. Makaranta ta girma, aka tsallake Dan Fiama, ya faɗa giya. Faku ta isa birni ta tarar da uwargida da 'ya'yanta.

In da a nan aka tsaya, da labarin miyagun maza ne kawai, kuma muna da irinsa buhu-buhu. Abin da Zaynab Alkali ta yi shi ne ta bar mazan a gefe ta riƙa haɗa matan nan fuska da fuska bayan shekaru, kowacce na auna rayuwarta da ta 'yar'uwarta. Li ta koma kwalejin horon malamai ta samu abin kanta, ta zama ita ce ginshiƙin gidan ubanta. Awa ta tsufa da haihuwa da aikin gida. Faku ta sha wuyar birni kafin ta tsaya da ƙafarta. Wacce ta samu tana jin nauyin samunta a gaban wacce ta rasa, wacce ta rasa kuma tana son ƙawarta, tana kuma jin wani abu a maƙoshi. A saman su ga Kaka, kakan Li, da tsohuwar al'adarsa, ga Baba, mahaifinta, da tsananinsa, a ƙasa ga 'ya'ya na tasowa. Komawar Li wurin Habu bayan haɗarin mota ya nakasa shi har yau ana gardama a kanta. Yayata cewa take yi Li ta yi asarar karatunta. Ni ina ganin ta koma ne a lokacin da ba ta buƙatar komai a hannunsa, kuma wannan ba irin komawar da muka saba gani ba ce.

Abin mamaki, Bahaushe bai rasa wannan kayan aiki ba. Duk wanda ya karanta tarihin da Baba ta Karo ta ba Mary Smith, wanda aka buga a 1954, ya san ƙawance a wurinmu abu ne mai ƙa'ida: ana ƙulla shi, ana biki ana ramawa, ana bin sa har jikoki. Amma da littattafan soyayya suka ɓarke a Kano, daga Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed zuwa In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, sai bambancin arziki ya koma tambaya ɗaya: za a ba Muhammad talaka Sumayya 'yar masu kuɗi ko ba za a ba shi ba? Ƙawa ta zama 'yar aike, ko mai ba da muguwar shawara, ko mai ƙwace miji. Ba na raina littattafan nan. Su suka koya wa rabin matan unguwarmu karatun boko da Hausa, kuma Balaraba Ramat Yakubu a Alhaki Kuykuyo Ne ta nuna ana iya zurfafawa. Amma aure ya cinye filin.

A 2005 Zaynab Alkali ta faɗaɗa zaren da The Descendants. Tsohuwa Magira Milli, wadda ba ta shiga aji ba, ita ta dage jikokinta su yi karatu, har Seytu ta tsallake raunin auren wuri ta zama likita. Magira a tarihin Borno sarautar uwar sarki ce, don haka sunan ba a banza aka zaɓe shi ba. Daga Kyauta da ya gaji asiri zuwa Seytu da ta gaji burin kakarta, shekara saba'in da ɗoriya ke nan.

Bayan nan Maiduguri ta ga abin da ta gani. Rikicin 2009, hana acaɓa a 2011, ƙauyuka suka kwararo cikin gari, ƙungiyoyin agaji suka zo da albashin da ya tayar da kuɗin haya. Sai ambaliyar madatsar Alau a watan Satumba na 2024. Yau a Moduganari za ka ga mutum biyu da suka zauna benci ɗaya a firamare, ɗaya a bayan farar mota mai sanyi, ɗaya yana jan Keke Napep, su haɗu a wurin suna su gaisa da sunan ƙuruciya, kowa na lura da takalmin ɗan'uwansa. Yayata ta yi ritaya daga koyarwa. Aminiyarta, da aka aurar tana aji uku, ƙosai take soyawa, kuma har gobe ita ke fara zuwa in an yi rasuwa a gidanmu.

Marubutan Maiduguri, ku da kuke zuba labarai a WhatsApp da Wattpad, ku da kuke shiga gasar Hikayata ta BBC Hausa, ga labari nan a ƙofar gidanku. Don Allah ku rubuta mana shi da Hausa.