Lissafin da ya sa manoman Kano suka zaɓi gyaɗa

Lokacin da layin dogo ya iso Kano a 1911, auduga Turawan mulkin mallaka suka sa wa rai, domin masaƙun Ingila suna nemanta ido rufe. Amma da kakar 1912 ta zo, gyaɗa ce ta cika tasha har taragai suka kasa kwashewa. Manomin da bai riƙe alƙalami ba ne ya yi lissafinsa. Auduga tana daɗewa a gona, tana cin aiki, tana gajiyar da ƙasa, kuma masaƙan gida sun fi Bature sayenta da daraja. Gyaɗa kuwa tana son jigawa, tana nuna da wuri, ana shuka ta tsakanin gero da dawa. Bayan an cire, harawarta ce abincin tumaki da awaki da rani, takinsu kuma a zuba a mangala, jaki ya kai gona. Mata su matse mai, su soya ƙuli-ƙuli. In shekara ta ɓaci, gyaɗa tana shiga tukunya.

Akwai masu cewa haraji ne ya tilasta wa talaka, ba dabara ba. Gaskiya ne biyan haraji da kuɗin Bature ya matsa masa lamba, sai dai haraji bai faɗa masa abin da zai shuka ba. Da tilas kaɗai ke aiki, da auduga ya noma, tunda ita hukuma ke so. Fatake irin su Alhassan Ɗantata, waɗanda suka goge a cinikin goro, su ma riba suka hango kafin su baza dillalai ƙauyuka.