Tsawon Ran Giwa a Killace da a Dawa: Nazarin Bayanan Turai, Kenya da Myanmar

Yawancin dabbobi masu shayarwa sun fi daɗewa a gidajen namun daji fiye da a dawa. Binciken da Morgane Tidière da abokan aikinta suka wallafa a 2016 kan nau'o'i sama da 50 ya gano cewa kashi 84 cikin ɗari nasu sun fi tsawon rai a killace. Dalilan a fili suke: ba yunwar fari, ba mai farautar su, ga likita a kusa. Ƙananan dabbobin da a dawa suke zama abincin wasu su ne suka fi cin wannan moriya. Giwa ba ta cikin wannan sahu.

A 2008 Ros Clubb da Georgia Mason da wasu masana suka fitar da nazarin giwaye mata sama da 4,500 a mujallar Science. Sun ɗauki bayanan gidajen namun dajin Turai daga 1960 zuwa 2005, suka auna su da na gandun dajin Amboseli a Kenya da na giwayen da ke jan gungumen katako a dazukan Myanmar. Matsakaicin ran giwar Afirka da aka haifa a killace bai kai shekara 17 ba, alhali a Amboseli ya kai 56. Ko da an haɗa da waɗanda mutane suka kashe, na Amboseli ya tsaya kusan 36. Giwar Asiya kuwa kusan shekara 19 take yi a killace, mai aikin katako kuma kusan 42. Wato giwar da ake sa wa aikin ƙarfi ta ninka wadda ake kawo wa abinci har gabanta a tsawon rai.

Ƙiba tana cikin musabbaban da ake zargi. Dabbar da a dawa take shafe mafi yawan yini tana tafiya tana kiwo, a killace sai ta wuni tsaye kan daɓen siminti, daga nan ciwon ƙafa da na gaɓoɓi su biyo baya. Akwai kuma wata ƙwayar cuta mai suna EEHV da ke kashe 'ya'yan giwar Asiya cikin 'yan kwanaki.

Wani babban musabbabi shi ne rushewar zuri'a. Garken giwa na uwa ne da 'ya'yanta mata da jikoki, babbar uwa ke jan gaba, kuma mace ba ta barin garken da aka haife ta. Binciken na 2008 ya nuna raba 'ya da uwarta da wuri, da yawan sauya wa giwa gida, suna ƙara haɗarin mutuwa ga giwar Asiya. Haka kuma giwayen Asiya da aka haifa a killace sun fi saurin mutuwa fiye da waɗanda aka kamo daga dawa, abin da ke nuna illar tana farawa tun daga ciki ko lokacin shayarwa.

Masu kula da gidajen namun daji sun yi ƙorafin cewa bayanan sun haɗa da zamanin da kulawa ba ta inganta ba. Ƙorafin yana da tushe, domin manyan giwayen Afirka sun samu sauƙi a shekarun ƙarshe da bayanan suka ƙunsa, amma ratar ba ta rufe ba. Wasu gidajen sun riga sun sauya hanya: na Landan ya kwashe giwayensa zuwa filin Whipsnade a 2001, na Detroit a Amurka kuma ya miƙa nasa biyu ga wata mafakar dabbobi a Kalifoniya a 2005.