AMSOSHIN TAKARDUNKU: Wace Ƙasa Ce Ta Fi Yawan Lauyoyi, Kuma Me Ya Jawo Haka?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu daga Funtuwa ya rubuto yana cewa, don Allah a ba shi tarihin aikin lauya, sa'an nan a faɗa masa ƙasar da ta fi yawan lauyoyi a duniya. Ya ce ya ji Amurka cike take da lauyoyi, a Japan kuwa sai an tona. Shin Amurkawa sun fi mutanen Japan son rigima ke nan?

AMSA: To Malam, mun gode da wannan tambaya taka. Bari mu soma da tarihin.

A birnin Atina na ƙasar Girka, wajen shekaru 400 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), doka cewa ta yi kowa ya tsaya ya kare kansa da bakinsa. Ana auna masa lokaci da tulun ruwa mai ƙaramar huda, ruwa na ƙarewa sai ya yi shiru. To da yake ba kowa ne ya iya zance ba, sai aka sami masu fasaha irin su Lisiyas, waɗanda za ka biya su rubuta maka jawabi, kai kuma ka haddace, ka je ka zuba gaban masu shari'a. A Rum ne aka yarda wani ya yi magana a madadin wani, amma wata doka ta shekara ta 204 kafin haihuwar Annabi Isa ta hana shi karɓar lada. Sai a shekara ta 47 bayan haihuwarsa Sarki Kalaudiyus ya halatta biyan lauya, ya kuma ƙayyade cewa kada ladan ya wuce sulalla 10,000 na kuɗin Rum. Ka ga ke nan ƙorafi kan kuɗin lauya ba yau aka fara shi ba.

An ma taɓa gwada zama babu lauyoyi. Bayan juyin juya halin Faransa, a 1790 aka rusa ƙungiyarsu, aka ce kowa na iya tsaya wa kowa a kotu. Sai ga 'yan damfara sun cika harabar kotuna, dole a 1810 Napoliyon ya maido da ƙungiyar, duk da cewa shi kansa ba ya ƙaunar lauyoyi. Ƙasar Sin ita ma ta yi nata. Daga 1957 aka shiga muzguna wa lauyoyi, ana zarginsu da kare maƙiyan gwamnati, a 1959 aka rufe Ma'aikatar Shari'a ɗungurungum. Ba a farfaɗo da aikin ba sai a 1979, lokacin da ƙasar ta buɗe ƙofa ga kasuwancin duniya, aka ga ba mai zuba jari inda babu mai rubuta yarjejeniya.

Game da yawa kuwa, ƙasashe uku ne ke kan gaba: Indiya da Amurka da Barazil, kowacce tana da lauyoyi fiye da miliyan ɗaya. A Amurka sun kai miliyan 1.3, wato lauya ɗaya ga kimanin mutum 250. Barazil ma ta kai miliyan 1.3 a 2022, kuma da yake jama'arta miliyan 203 ne, lauya ɗaya na kan mutum 160 ko kusa da haka. Sin ta haye 650,000 a ƙarshen 2022. Japan kuwa, mai mutum miliyan 124, lauyoyinta wajen 45,000 ne a 2024, wato ɗaya ga kimanin mutum 2,700.

To me ya kawo wannan tazara tsakanin Amurka da Japan? Abu biyu ne, Malam: faɗin ƙofar shiga aikin, da kuma irin aikin da ƙasa ta ɗora wa lauya.

Amurka dai lauyoyi na cikin waɗanda suka kafa ta. Cikin mutum 56 da suka sa hannu a takardar 'yancin kai ta 1776, kusan rabi lauyoyi ne, kuma fiye da rabin shugabannin ƙasar sun taɓa aikin lauya, har da Abraham Lincoln. Ƙasar tana da jihohi 50, kowacce da dokokinta, ga na tarayya a bisa. Abubuwa da yawa da wata ƙasa za ta bar wa ma'aikatar gwamnati, a can kotu ake kai su. Ƙarar da lauya Thurgood Marshall ya jagoranta ce ta sa Kotun Ƙoli ta haramta raba makarantun baƙar fata da na farar fata a 1954. A 1963 kuma kotun ta ce duk talakan da ake tuhuma da babban laifi dole gwamnati ta ba shi lauya. Ban da wannan, shigar da ƙara a can ba ta da haɗari sosai: lauya kan yarda ya yi maka aiki sai an ci shari'a ya ɗauki rabonsa, yawanci kashi ɗaya cikin uku, in kuwa ka faɗi, galibi ba a sa ka biyan lauyan abokin shari'arka, saɓanin yadda ake yi a Ingila.

A Japan kuwa ƙofar ce aka tsuke. Tun daga shekarun 1960 har zuwa 1990, mutum wajen 500 kaɗai ke cin jarrabawar shiga aikin shari'a a shekara, wato biyu ko uku cikin ɗari na masu zamanta, kuma daga cikinsu ne za a fitar da alƙalai da masu gabatar da ƙara da lauyoyi. Shi ya sa a 1990 lauyoyin ƙasar duka ba su wuce 14,000 ba. Mafi yawansu kuma suna Tokiyo da Osaka, har akwai gundumomin kotu da dama da ba su da lauya ko ɗaya, ko kuwa ɗaya tak. To ka duba, in lauya ɗaya ne a gari, mai ƙara ya riga ya ɗauke shi, ina wanda ake ƙara zai nufa? Mutumin da ya haƙura da hakkinsa a irin wannan hali, ba lalle ne don son zaman lafiya ya haƙura ba.

Sai dai a lura, lissafin nan yana da ɗan ruɗi. Japan tana da dubban ma'aikata masu lasisi da ke rajistar filaye da kamfanoni, da rubuta takardun hukuma, da harkar haraji, waɗanda ba a ƙidaya su cikin lauyoyi. Masu harkar haraji kaɗai sun kai 80,000. Da yawa daga irin wannan aiki lauya ne ke yin sa a Amurka.

Gwamnatin Japan da kanta ta ga ƙarancin ya yi yawa. A 2001 wani kwamitin gyaran harkar shari'a ya ba da shawarar a riƙa yaye mutum 3,000 a shekara, a 2004 aka fara buɗe makarantun lauyoyi irin na Amurka, har suka kai 74. Amma ƙararraki ba su ƙaru yadda aka zata ba, sababbin lauyoyi suka shiga neman aiki, a 2013 aka jingine wancan buri, fiye da rabin makarantun kuma suka daina ɗaukar ɗalibai. Duk da haka lauyoyi sun ninka sau uku a kan na 1990, sun kuma bazu zuwa ƙananan garuruwa.

Mu ma nan gida mun san wannan magana ta ƙofa. Christopher Sapara Williams, ɗan Nijeriya na farko da ya zama lauya, a Landan ya sami izini a 1879. Arewa ba ta sami nata na farko ba sai a 1955, wato Alhaji A.G.F. Abdul-Razaq na Ilori. Dalili kuwa shi ne, a zamanin Turawa an hana lauyoyi tsayawa a kotunan alƙalai, inda a nan ne akasarin shari'un Arewa suke, ga shi kuma sai an je Ingila ake karatun. Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya ta fara aiki a Legas a 1963 da ɗalibai 8 kacal.

Saboda haka Malam, yawan lauyoyi ba ya nuna son rigimar jama'a, ba ya kuma tabbatar da adalci. Sin tana da dubban ɗaruruwa, amma a watan Yuli na 2015 hukuma ta kama ko ta yi wa tambayoyi lauyoyi da masu fafutukar kare hakki fiye da 200. Amurka kuma, duk da yawan nata, talakawa da yawa kan tsaya gaban alƙali su kaɗai a shari'ar bashi ko ta kuɗin haya, domin dokar nan ta 1963 shari'ar laifi kawai ta shafa. In za ka auna ƙasa, tambayi ko talaka zai sami lauya ranar da yake bukata, da kuma ko lauyan zai iya ja da hukuma ya kwana a gidansa.