Mai Gudu ko Mai Amana? Tarihin Manhajojin Kwaikwayon Tsofaffin Wasanni

Ranar wata Asabar ina gabatar da shiri, wani mai sauraro ya bugo waya daga Maraɗi ya ce: "Ɗan'uwa, wace manhaja zan saka a kwamfuta in nuna wa yarona wasannin da muka yi muna yara?" Na roƙe shi ya ba ni mako guda. Da na shiga bincike, sai na tarar tambayarsa tana da tarihi.

Na'urorin da muka taso da su sun fito daga Japan: Famicom ta kamfanin Nintendo a 1983, Mega Drive ta Sega a 1988, Super Nintendo a farkon shekarun 1990, sai PlayStation ta Sony a 1994. Yau akasarinsu sun mutu, kasusuwansu sun yi tsatsa. Abin da ya ceci wasannin shi ne emuleta, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta kwaikwayi aikin tsohuwar na'ura.

Shekarar 1997 ce mahaɗar wannan labari. A cikinta NESticle da ZSNES suka fito, kuma burinsu gudu ne. Kwamfutocin lokacin ba su da ƙarfi, don haka masu rubuta su suka riƙa yanke hanya: in dai hoto ya fito, sauti ya tashi, shi ke nan. A wannan shekarar kuma wani ɗan Italiya, Nicola Salmoria, ya fara MAME da wata manufa dabam, wato adana yadda injinan wasa suke aiki ciki da bai, kamar yadda ake adana littafi.

Yanke hanya yana da farashi. Wasu masu sha'awa sun gyara wasanni, sun fassara wasu daga Japananci, suna gwadawa a kan ZSNES kaɗai. Da aka kai wasu daga ciki kan na'urar asali, sai suka ƙi aiki, domin an gina su a kan kuskuren manhajar. Shi ya sa a 2004 aka fara bsnes, wadda ta sa daidaito a gaba, ko da za ta buƙaci kwamfuta mai ƙarfi.

Kamfanoni ma ba su zuba ido ba. Sony ta kai Connectix kotu saboda manhajarta mai kwaikwayon PlayStation, amma a 2000 kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta ba Connectix gaskiya. Daga baya Sony ta sayi manhajar ta ajiye. A 2024 kuwa masu Yuzu, mai kwaikwayon Switch, sun amince su biya Nintendo dalar Amurka miliyan 2.4, suka rufe. Manhajar kwaikwayo dabam, kwafin wasan da ba ka saya ba dabam. A nan rigima take.

Me ya sa na damu? Na taɓa shiga ɗakin ajiyar wani gidan rediyo na ga faya-fayan tsofaffin mawaƙa jibge, ba na'urar da za ta karanta su. Muryoyin suna nan, amma kamar babu su. Wani bincike na 2023 ya nuna kashi 87 cikin ɗari na tsofaffin wasannin da aka fitar a Amurka ba sa kasuwa. Ke nan abin da emuleta ta riƙe, shi jikokinmu za su ɗauka a matsayin asali.

Da Asabar ta zagayo na ba shi amsa: idan kwamfutarka mai rauni ce, ɗauki Snes9x, ba ta da nauyi. Idan tana da ƙarfi, ɗauki bsnes, domin yaronka ya ji sautin da kunnenka ya ji, ya fāɗi a ramin da ka fāɗa. Ya yi dariya ya ce ramin nan har yau bai manta da shi ba.