Kande: sunan da ke ɗauke da tarihin gida

Da aka ce kowa ta kawo abin da za a sa a takardar bikin ƙungiyarmu, sai na tuna ranar da muke sabunta rajista. Wata yarinya ta zo biya wa kakarta kuɗin adashi, aka tambaye ta sunan tsohuwar, sai ta sunkuyar da kai ta faɗa can ƙasa-ƙasa: Kande. Wai kunya take ji, sunan ƙauye ne. Wallahi abin ya tsaya mini a rai, don ni ma sunan kakata ke nan.

Kande ba sunan yanka ba ne. Na yanka shi ne wanda liman yake raɗawa ran suna, kwana bakwai da haihuwa, kamar Hauwa ko Hadiza. Kande laƙabi ne na 'ya macen da ta zo bayan an jera maza. Wasu gidajen Delu ko Dela suke cewa. Namijin da ya biyo bayan mata kuwa shi ne Tanko.

A da babu takardar haihuwa, kuma yawancin iyayenmu mata ba su yi boko ba. To suna shi ne takardar. Da kin ji Kande, kin san tana da yayye maza, kin san an daɗe ana jiran mace a ɗakin. Haka Talatu da Laraba da Jummai suke faɗin ranar haihuwa, Azumi ta faɗi wata. Ga kuma alkunya: idan yarinya ta ci sunan uwar miji, surukar ba za ta iya kama sunan ba, dole a nemi laƙabi.

Wajen faɗi, malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci ta nuna mana gaɓa biyu ce. Murya tana sauka a "Kan", ta hau a "de", kuma ba a jan ƙarshen. Da "d" ake rubutawa, ba "ɗ" mai lanƙwasa ba. Yaran yanzu masu cewa "Kandi" kamar alawa, ku gyara musu. Kuma yaro ba ya kiran babba da shi gatsau, sai Iya Kande ko Hajiya Kande.

Mai ganin irin waɗannan sunaye ƙauyanci ne, ta tuna Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, 'yar NEPU da ta sha ɗauri saboda 'yancin mata. An haife ta a 1933, ta rasu a 2001. Hajaratu ne sunanta na yanka, amma Gambo, wato wadda ta biyo tagwaye, shi duniya ta sani. Ki juya naira 20 kuma, Ladi Kwali ce mai ginin tukwane, sunan ranar Lahadi.

Nan Kawo, tsakanin kasuwa da tasha, da wuya ki ji an kira ƙaramar yarinya Kande, sai tsofaffi. Ban ce a tilasta wa kowa ba. Roƙona ɗaya ne: kowace mamba ta zauna da tsohuwar gidansu, ta tambayi laƙabinta da dalilinsa, ta rubuta shi kusa da sunan yanka tun tana raye. Ni na yi. Da hannuna na rubuta sunan kakata da na yayyenta uku.

Allah ya ƙara wa ƙungiyarmu albarka, ya jiƙan iyayenmu.